Daga Bauchi zuwa Daɗin Kowa, inda ake yi wa tsohon mangwaro aure

Da hantsi motarmu ta bar Bauchi, a farkon watan Yuni, ruwa ya sauka sau biyu ko uku amma ciyawa ba ta rufe ƙasa ba tukuna. Muka ƙetare kogin Gongola a gadar Dindima, muka ratsa Alkaleri, kafin azahar muna Gombe, tafiyar kilomita 150 da 'yan kai. Nan na canza mota zuwa hanyar Biu. Direba ya ɗan tsaya a Kwadon aka ɗora kayan gwari, sannan muka ƙarasa Daɗin Kowa, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu/Deba. Kogin da muka ƙetare da safe shi ne dai aka datse a nan, Dutsen Bima yana hango shi daga gefe.

Ruwan dam ɗin ya mayar da yankin ƙasar lambu, ga kuma kwalejin tarayya da ke koyar da aikin lambu a garin. Ni dai wurin wani dattijo mai renon itatuwa na nufa, a bayan gari. Abin da na fara gani a lambunsa kututtuka ne guda huɗu na tsohon mangwaro, an sare su daidai ƙirjin mutum, an shafe su da farin fenti, kowanne ya fitar da toho ja wur.

"Baba, waɗannan laifin me suka yi?"

Ya ce 'ya'yansu ƙanana ne, zare ya fi nama yawa, ba mai saye. Tumɓuke su kuwa asara ce, domin saiwar da ta shekara ashirin tana neman ruwa ba a sayenta a kasuwa. Sai a canza musu kai, wato a yi musu aure: a ɗora musu reshen mangwaro mai kyawun 'ya'ya.

Ga yadda aikin yake. Ana sare manyan rassa a tsayin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a karkace, don kada ruwan sama ya kwanta a kan saran. A bar reshe ɗaya tsaye ya ci gaba da ciyar da bishiyar, sai aure ya kama a cire shi. Fentin kuwa na kare ɓawo ne daga ƙunar rana, tunda inuwar da ta saba rufe shi ta tafi. Toho zai fito da yawa. A zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kowane reshe, a karye sauran. Idan sun kai kaurin fensir, lokacin aure ya yi.

Reshen da za a ɗora, wanda Baba ke kira amarya cikin raha, daga bishiyar da aka ɗanɗana 'ya'yanta ake yanko shi, Binta Suga ko wani irin da kasuwa ke nema. Tsawonsa santimita 10 zuwa 15, ya ƙosa, idon da ke kansa ya kumbura amma bai buɗe ba. Kwana bakwai zuwa goma kafin a yanko shi ake tsinke masa ganye tun yana jikin uwarsa. A datse kan tohon, a tsaga shi santimita 3 zuwa 4, a fiƙe gindin amarya ta fuska biyu da reza sabuwa, a cusa. Duk sirrin yana wuri ɗaya: ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da ta gefe ɗaya ne, domin ta ƙarƙashin ɓawon nan suke haɗewa. A ɗaure tam da zaren leda daga ƙasa zuwa sama, a kifa wata ledar a kai. Mako biyu zuwa huɗu, in an dace, ido zai fashe.

Na ga waɗanda ba su kama ba, sun yi baƙi sun bushe. Yawanci dalilin ɗaya ne cikin uku: reshen ya kwana a rana kafin a ɗora, ko an taɓa wurin yankan da hannu mai datti, ko ruwa ya shiga ɗaurin ya ruɓar da shi. Shi ya sa ake gudun zafin Maris da Afrilu, da iskar hunturu, da kuma mamakon Agusta. Akwai kuma kuskuren da ke zuwa daga baya: a bar tohon da ke fitowa ƙasa da wurin aure, ya shanye ƙarfin, a wayi gari an koma tsohon iri. Ledar ɗaurin ma in ta wuce wata biyu zuwa uku sai ta shaƙe reshen.

Bishiyar da aka canza wa kai takan fara 'ya'ya cikin shekara biyu zuwa uku. Ƙaramin dashe mai aure sai uku zuwa huɗu, na ƙwallo kuwa yakan kai shida ko fiye. A ganina, mai tsohuwar bishiya a tsakar gida ya fara da rabinta, ya ga yadda hannunsa yake kafin ya kai gatari ga sauran.

Da la'asar na ɗauko dashe guda biyar a leda. Baba ya biyo ni har bakin titi yana nanatawa: a riƙe ta leda, kada a riƙe ta wuya, kuma in sun yi fure a shekarar farko a tsinke. Na jera su tsakanin ƙafafuna, na roƙi yaron mota kada ya ɗora musu buhu.