Abin da Giyabos na Tsofaffin Motocin Tsere Ya Koya Mini

Aikin gyaran giyabos na tsofaffin motocin tsere ya nuna mini cewa mafi yawan waɗanda ke lalacewa a fagen tsere ba su da wani aibi na asali, an dai ɗora musu nauyin da ba domin shi aka ƙera su ba. Motar MGB da ta fito a 1962 injinta na da ƙarfin doki kusan 95, kuma bisa wannan lissafi aka yanka haƙoran giyarta. A yau masu haɗa inji suna tatso ƙarfin da ya zarce haka nesa ba kusa ba, sannan a bar giyabos yadda yake, a ce ya jure.

Kafin in kwance komai, man da na tsiyaye nake fara dubawa. Idan ƙurar ƙarfe ce mai laushi ta manne a maganaɗisun murfin tsiyaya, ba na damuwa, domin cin yau da kullum ne. Idan kuwa man yana ƙyalli ruwan ɗorawa, zobban tagulla masu daidaita gudun giya ne suke ƙarewa, in kuma yatsa ya ji ɓarɓashi mai kaifi, to wani haƙori ya fara ɓarewa. A giyabos ɗin farko-farko na MG, kamfanin da ya ƙera MGB, ɓarnar ta fi farawa daga sandar ƙasa wadda jerin giya ke juyawa a kanta. Siraran boris suna cin jikinta sannu a hankali, jerin giyan ya karkace kaɗan, haƙora su riƙa haɗuwa ta gefe maimakon faɗinsu duka. Wanda ya canza giyan da ta karye ya bar wannan sanda, ba da jimawa ba zai sake sauke giyabos ɗin.

Manyan kamfanoni ma sun sha wannan wahala. A tseren Le Mans na Faransa a 1964, giyabos ƙirar kamfanin Colotti ya ba motocin Ford GT40 kunya, daga baya aka koma ga na kamfanin ZF. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tseren Daytona na Amurka a 1967, inda sandunan giyabos ɗin Ford suka yi ta karyewa saboda ba a gasa ƙarfensu daidai ba, Ferrari ta kwashe matsayi uku na farko. Zanen bai da laifi, gashin ƙarfen ne ya gaza, kuma wannan abu ne da ido ba ya gani sai an gwada.

A nan ne ingantawa ta gaskiya take, tun da dokokin da FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, ta kafa wa motocin tarihi suna ɗaure mota ga tsarin zamaninta. Giyabos mai giya 5 na Ford Sierra yana da daɗi a kan titi, amma ba shi da gurbi a motar da aka san ta da giya 4 a irin waɗannan gasa. Abin da ya rage wa bakanike shi ne ƙarfe mai inganci, gashi mai kyau, gwajin tsagewa kafin haɗawa, da auna tazarar kowace giya da haƙuri. Giya mai miƙaƙƙun haƙora, wadda kukanta ke burge 'yan kallo, amfaninta shi ne ba ta tura sanda gaba ko baya, don haka boris da jikin akwatin suna samun sauƙi. A ganina mutane suna kambama ta fiye da kima, domin duk inda aka ƙarfafa giyabos, bugun yakan wuce ya sauka a kan aksul na baya.

Mai ma yana da nasa tarko, domin wasu nau'o'in man giya mai lambar GL-5 ba sa jituwa da tagulla, shi ya sa ake fifita mai lambar GL-4, MGB kuwa man inji kamfaninta ya ce a zuba mata. Sauran aikin yana ƙafar direba. Jaguar E-Type ta 1961 da giyabos ɗinta ƙirar kamfanin Moss ba ta da zoben daidaitawa a giya ta ɗaya, kuma ba ta son gaggawa a sauran. Direban da ke ɗan taɓa totur ya daidaita gudun inji kafin ya rage giya yakan ƙare kakar tsere da zobbansa lafiya, wanda ke cusa giya da ƙarfi kuwa tagullarsa ce nake tararwa a cikin man.