Batir ɗaya, waya ɗaya

A shekarata ta biyu da fara koyar da kimiyya, shugaban makaranta ya kira ni ofis. Ƙorafinsa biyu ne: ajina ya cika hayaniya, kuma an bar ni a baya a manhaja. Sauran malamai sun gama babin lantarki cikin mako guda, ni ina mako na uku, yara na ta fama da batir da waya. Ya ce, "Malam, jarrabawa ba ta tambayar wanda ya kunna fitila. Rubuta musu a allo su kwafa." Na ce to. Gudun kada a ce sabon malami ya cika iyayi, na kwashe kayan na kulle a durowa.

Wata tsohuwar malama ce ta ƙi. Ranar taron malamai ba ta yi musu da kowa ba. Batir ɗaya ta ajiye a tebur, da ƙwan fitila, da waya ƙwaya ɗaya, ta sa aka kira yaron da ya fi kowa maki a babin, ta ce ya kunna. Ya ja wayar daga kan batir zuwa gindin ƙwan, shiru. Ya juya batirin, shiru. Yaron ya haddace ma'anar da'irar lantarki tsaf, amma bai san ƙwan yana da wurin taɓawa biyu ba, gindinsa da ƙarfen gefensa, kuma dole wuta ta shiga ta ɗaya, ta fita ta ɗayan, ta koma batir. Ɗalibina ne. Na sunkuyar da kai.

Sai ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan gardamar ta girme mu duka." Gaskiyarta. Tun 1896 John Dewey, wani masanin ilimi ɗan Amurka, ya buɗe makarantar gwaji a Jami'ar Shikago, inda yara ke koyon lissafi da kimiyya ta hanyar saƙa da aikin kafinta. A 1907 Maria Montessori, wata likita kuma malama 'yar Italiya, ta fara tata a Roma, yara na koyon haruffa ta shafa su da yatsa.

Ban ga laifin shugaban sosai ba, shi ma da sakamakon jarrabawa ake auna shi. Darasi ɗaya a mako ya amince a ba aikin hannu, ba ƙari. Da na buɗe durowata washegari, batura huɗu sun zube, wayoyin sun yi tsatsa. Yara biyu suka tsaya bayan an tashi, muka kankare su da bakin almakashi.