Tafiyarmu Bala da karen da ya ciji tunkiya

Gonar da nake sanin makamar aikin likitan dabbobi tana kusa da Wrexham, a arewa maso gabashin Wales, mai ita kuma dattijo ne da ya tsufa a kiwon tumaki. Ya sha ce mini in kira shi da sunansa kamar yadda kowa ke yi a nan, bakina ya ƙi. Baba nake ce masa, har shi ma ya saba. Wata Asabar cikin watan Yuni ya ce in raka shi gasar karnukan kiwo a wata gona kusa da garin Bala.

Da sassafe muka kama hanya a a-kori-kurarsa, karensa Kaf na kwance cikin keji a baya. Muka bi ta Llangollen, muka wuce Corwen, kogin Dee na gefenmu, ya ɓuya ya bayyana. Duk tudun da ka ɗaga ido ka kalla, tumaki ne fari fat. Mutanen Wales sun ɗan haura miliyan 3, tumakinsu kuwa sun kusa ninka su sau uku. Baba ba mai surutu ba ne, amma ranar bakinsa ya buɗe. Ya ce a Bala aka fara irin wannan gasa a duk Birtaniya, a 1873, kuma wani ɗan Sikotland mazaunin Wales ne ya cinye ta. Yadda ya taɓe baki, sai ka ce jiya abin ya faru.

Kaf irin karnukan nan ne da ake kira Border Collie, baƙi mai farin wuya, shekararsa uku. A gida mun san kare da gadi da farauta. Wannan aikinsa ya zagayo garke daga kan tsauni ya kawo wa mai shi, ba haushi, ba cizo, ido kawai yake kafa wa tumaki su bi inda yake so. Burin Baba a bana shi ne Kaf ya tara sakamako a irin waɗannan ƙananan gasanni ya samu gurbi a gasar ƙasa. Ƙungiyar masu karnukan kiwon tumaki ta ƙasa da ƙasa, wato ISDS, wadda aka kafa a 1906, ita ke shirya gasar ƙasa a Ingila da Wales da Sikotland da Ailan, kowace ƙasa ta fid da karnuka 15 su je su kara da na sauran.

Filin ba wani ƙawa gare shi ba. Motoci jere a gefen shinge, tanti guda na shayi, alƙali zaune cikin motarsa da mai duba agogo a gefensa. Mai kare yana tsayawa jikin wani turke, tumakin kuma suna can ƙarshen fili. A gasar ƙasa tazarar yadi 400 ce, tumaki 5, minti 15. Maki ba a ba ka ake yi ba, cire maka ake yi: kana shiga da makinka cif, duk kuskure alƙali ya zaftare. Zagayen da kare zai yi ya fito ta bayan tumaki maki 20, tayar da su 10, kawo su 20, kora su ta tsakanin ƙofofi 30, ware wasu daga cikinsu 10, shigar da su ɗan shingen katako 10.

Wajen azahar aka kira Baba. Ya ɗan yi wa Kaf raɗa, karen ya fice ta dama, ya yi baka mai faɗi har ya faɗo bayan tumakin, ya lafe. Wani tsoho kusa da ni ya gyaɗa kai. Kawowa ma ta yi kyau, layi ɗaya kamar an ja zare. A wajen kora ne na fara lura da wata tunkiya mai tabon shuɗin fenti a kafaɗa, kullum ita ce a baya, tana waiwaye. Suka kuskure ƙofa ta biyu. Fiton Baba ya fara yawa, yana kuma ƙara kaifi.

A bakin shinge komai ya lalace. Baba na riƙe da igiyar ƙyaure da hannu ɗaya, sanda a ɗayan, sauran tumakin sun sa kai ciki, mai shuɗin fentin ta juyo ta fuskanci Kaf, ta buga ƙafa a ƙasa, ta sake bugawa. Kaf ya matso a sanɗe, ƙirjinsa na shafar ciyawa. Sai ta yi wuf ta gefe za ta tsere, shi kuwa ya daka tsalle ya cafke ta a kwiɓi. Da ya saki, akwai ulu a bakinsa. Alƙali ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Mun gode." Shi ke nan, an fitar da su, ko maki ɗaya babu.

Dokar tana da hujja, don tumakin dukiyar wani ce ya ba da aro, haƙorin kare kuma yana ɓata fata da nama. Amma ni dai raina ya ɓaci, har yanzu kuma ina ganin rashin sa'a ya fi yawa a ciki. Wanda ya shiga kafin Baba ya samu tumaki masu ladabi da ko yaro zai kora.

Baba ya kira karen, suka kora tumakin zuwa makwancinsu kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya kai Kaf bahon ruwan da aka ajiye don karnuka, ya tsaya a kansa har hakinsa ya lafa, yana sosa masa bayan kunne. Hannunsa na rawa, na gani. Na ce, "Baba, ai tunkiyar nan ce ta cuce ku." Ya ce, "Tunkiya ba ta san ana gasa ba." Bai ƙara ba. Ya miƙa mini makullin mota ya haura can saman fili wurin masu sakin tumaki, ya ce suna neman hannu. A can ya wuni yana buɗe ƙyaure wa abokan karawarsa. Na fahimci neman inda ba za a yi masa jaje ba yake yi, don a tantin shayi kowa da abin da zai ce.

Sai da aka raba kyaututtuka muka tafi. Ya tafa wa wanda ya ci, ya kuma je ya gaisa da alƙali.

A komowa motar tsit, ko rediyo bai kunna ba. Ya ratse bakin tafkin Tegid ya saki Kaf ya miƙe ƙafa, mu kuma muka ci burodi da cuku a tsaye. Nan ya fara warware abin da kansa. Ya ce cizon ba a bakin shinge ya fara ba. Tun a wajen kora ya ga lokaci na tafiya, ya matsa wa karen ya kusanci tumakin fiye da kima, tunkiyar ta hasala, karen ya ɗauki zafi, da suka kuskure ƙofa kuma shi kansa ya rikice ya cika shi da fito. Ya ce kamata ya yi ya kwantar da Kaf a bakin shingen, ya bar tunkiyar ta huce, ko da lokaci zai ƙare musu, don wanda lokaci ya ƙare masa yana tsira da makin da ya riga ya samu. Na ce duk da haka da wata tunkiyar ce da sun shige. Ya ce mai yiwuwa.

Muna isa gida, kafin ya cire takalmi, ya tura Kaf ya tattaro 'yan tumakin da ke bayan rumbu, waɗanda suka san shi, aikin da ba ya gagararsa. Ya ce ba ya son kare ya kwana da abin da ya faru a matsayin aikinsa na ƙarshe. Sannan ya shiga kicin ya ja biro a kan gasanni biyu na gaba da ya rubuta a kalanda. Ya ce Kaf zai koma aikin gona zalla, a riƙa haɗa shi da tsofaffin tumaki masu taurin kai a fili mai faɗi har ya koyi tsayawa. Ni kuma ya ce in fito da wuri, akwai raguna masu ɗingishi da za mu duba wa kofato.