Motar da Nake Hawa da Bashin da Ke Kaina

Wata ranar Asabar na je ɗaurin auren 'yar wani abokin aikina a Tudun Wadan Kaduna, ina cikin gyara tsayuwar motata a gefen masallaci sai na hangi yayan matata yana saukowa daga keke napep, yana laluben canji a aljihun babbar rigarsa. Mun gaisa kamar yadda muka saba, ya tambayi lafiyar ƙanwarsa da yara, bai ko nufi wajen maganar kuɗi ba. Da aka shafa fatiha na ce masa, "Yaya, bari in sauke ka a gida," ya shiga gaba ya zauna, har yana yaba yadda nake kula da motar. Mutumin nan yana bina naira miliyan ɗaya da rabi tun shekarar 2022, kuma shi ba shi da mota. Daga ranar ne tambayar da na daɗe ina kauce mata ta tsaya mini a rai: ko ya dace in ci gaba da hawa mota alhali kuɗin mutane suna kaina?

Asalin bashin kiwon kaji ne. A 2022 na kama wani fili a wajen Rigachikun na zuba kajin ƙwai, kuma Yaya ne ya ba ni jarin, ba tare da takarda ko mai shaida ba, abin da kawai ya ce shi ne in biya idan Allah ya hore. Abin ya fara da kyau, sai ga canjin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane, masu shayi da masu shaguna suka rage saye, ƙwai ya taru a hannun masu gonaki har yana lalacewa. Ban gama farfaɗowa daga wannan ba masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabo, buhun abincin kaji ya riƙa sauya farashi kusan kowane mako. A nan na tafka kuskuren da ya fi kowanne girma, domin maimakon in sayar da kajin in rungumi asarar da na riga na yi, sai na je banki na karɓi rance a kan albashina da nufin ceto gonar. Gonar ba ta cetu ba. A ƙarshen wannan shekarar na sayar da kajin a yadda aka taya, na fito da bashi kashi uku: na Yaya, da na banki wanda ragowarsa ta kai kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari uku, da kuma dubu ɗari huɗu na mai sayar da abincin kaji.

Motar kuwa Toyota Corolla ce ƙirar 2006, 'yar Kwatano, na saye ta a 2019 a kan naira miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas bayan na yi shekara biyu ina zubin adashe a wurin aiki. Ba ta taɓa kunyata ni a hanya ba. Sai dai riƙe ta ya zama wani aiki na daban tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Kafin wannan rana lita ba ta kai naira 200 a gidajen mai na gwamnati ba, tankin motata mai cin kimanin lita 50 yakan cika da ƙasa da dubu goma. Da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, cika tankin ya koma dubu hamsin. Inshorar da doka ta tilasta wa kowane mai ƙaramar mota ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 tun farkon 2023, ga sabunta takardu, ga juyen baƙin mai, ga taya, ga batir wanda shi ba ya sallama kafin ya mutu. Da na zauna da biro da takarda na haɗa abin da na kashe mata a shekara guda na raba gida goma sha biyu, sai na ga adadin ya yi kusan daidai da abin da banki ke yanka a albashina duk wata. Ashe banki biyu nake biya ban sani ba, ɗaya a kan titin Yakubu Gowon, ɗaya a ƙofar gidana.

Duk da haka, wanda ya fi kowa ƙoƙarin hana ni sayarwa shi ne bakanikena na Panteka, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce, "Malam, in ka saki motar nan, wallahi ba ka ƙara riƙe irinta." Lissafinsa shi ne motocin da muke hawa dukansu da dala ake shigo da su, harajin kwastan ma da farashin dala ake ƙiyasta shi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dalar da hukuma ke bayarwa a kan naira 460 da wani abu ta kai 1,500 har ta wuce a cikin 2024. Shi ya sa motar da na saya ƙasa da miliyan biyu, na yi shekaru ina morar ta, a lokacin kuɗinta a kasuwa ya haura miliyan huɗu. A da mun san mota da faɗuwar daraja tun ranar da aka fito da ita daga wurin dillali, yanzu kuwa ta zama kamar fili ko saniya, tana riƙe wa mai ita ƙimar kuɗinsa yayin da nairar da ke asusu take narkewa. Bashin da ke kaina kuma a naira yake, adadinsa ba ya bin dala. Saboda haka, in ji shi, mai wayo yakan riƙe kadara ya bar bashi ya tsufa, domin miliyan ɗaya ta baɗi ta fi miliyan ɗaya ta bana sauƙin biya.

Na yi kwanaki ina jin daɗin wannan hujja, har na fara maimaita ta ga matata kamar ni na ƙirƙiro ta. Abin da ya rushe mini ita shi ne ranar da na juya lissafin na dube shi daga wurin da Yaya yake tsaye. Idan gaskiya ne bashin yana yi mini sauƙi da tafiyar lokaci, to wannan sauƙin daga aljihun wani yake fitowa. Banki ya san wannan, shi ya sa ya ɗora kuɗin ruwa tun ranar farko, kuma a lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga nasa ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, babu bankin kasuwanci da ya zauna ya yi asara saboda tausayin wani. Mai abincin kaji shi ma ɗan kasuwa ne, ya san yadda yake shigar da jinkirin masu karɓar kaya cikin farashinsa. Wanda bai kare kansa da komai ba shi ne Yaya. Ya ba ni kuɗinsa saboda Allah da zumunci, a shekarar da miliyan ɗaya da rabi za ta iya saya masa ƙaramar mota ta hannu, kuma a shekarar 2024 kaɗai hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ko yau na mayar masa da kuɗinsa cif, abin da za su saya masa bai kai rabin abin da za su saya a ranar da ya ba ni ba. Wato darajar motata tana hawa, darajar kuɗinsa tana sauka, kuma ni ne na zaɓi a ci gaba da tafiya a haka saboda na san ba zai taɓa buga mini waya ya yi mini tuni ba. Kunyarsa da kawaicinsa nake ci, ina kiran abin dabara.

Bayan sallar asuba na tsayar da limamin unguwarmu na ba shi labarin ba tare da ambaton suna ba, ko da yake na ga alama ya gane da wa ake. Ya karanto mini hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, sannan ya tuna mini da ayar Suratul Baƙara da ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu yalwa. Ya ce duka biyun gaskiya ne, aikin da ya rage shi ne mutum ya san a wane ɓangare yake. Sai ya tambaye ni, "Malam, da motar nan kake neman abincin iyalinka, ko kuwa da ita kake zuwa wurin da kake neman abincin?" Ya ce direban haya da ya sayar da motarsa ya yanke hanyar da zai biya bashin ne, amma ma'aikacin da albashinsa zai shigo ko da ƙafa ya je ofis, maganarsa daban ce. Bai ce in sayar ba, bai ce in bari ba, ya ɗauki buzunsa ya shiga gida.

Ba zan ce motar ado ce kawai ba, domin akwai buƙatu na gaskiya da suka rataya a kanta. Yara uku nake kai wa makaranta kowace safiya daga Hayin Banki kafin in wuce aiki. Hajiya mahaifiyata tana Zariya, tafiyar kusan kilomita 80, tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma ni ne nake zuwa in ɗauke ta in kai ta ganin likita a Shika. Wanda ya taɓa neman abin hawa da ƙarfe biyun dare da yaro a kafaɗa yana zazzaɓi ya san abin da mota take nufi a gida. Waɗannan su ne na fi daɗewa ina aunawa, kuma da na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya sai na ga kowannensu yana da mafita mai wahala amma mai yiwuwa. Akwai mai keke a layinmu da ke jigilar yaran maƙwabta a kan kuɗin wata. Motocin Zariya ba sa yankewa a Kawo, kuma ganin likitan Hajiya sau ɗaya ne a wata biyu, ƙanena da ke can zai iya ɗaukar shatar mota in biya. Na dare kuwa, maƙwabcina da na sha ba shi aron mota ya ce in daina wannan magana.

Akwai kuma abin da ban so in amsa wa kaina ba, wato abin da mutane za su ce. A garin nan wanda bai taɓa yin mota ba ba a kallonsa, amma wanda aka saba gani da mota aka wayi gari yana tare keke a bakin titi, sai an tambayi ko lafiya. Matata ce ta kashe wannan magana, ita da ta yi shekara biyu tana tsakanin miji da ɗan'uwa ba ta ce uffan ba. Ta ce, "Abban yara, ni duk ranar da muka je gidan Yaya a motar nan sai in ji kamar in nutse. Zanen aro ba ya rufe katara." Ban taɓa sanin abin yana cin ta haka ba.

Na duba hanyoyin tsaka-tsaki kuma ba su daɗe a hannuna ba. Wasu sun ce in riƙa kabu-kabu da ita bayan an tashi aiki, amma da kuɗin mai na yanzu da shekarun motar, abin da zan samu bakanike zan kai wa. Wasu sun ce in mayar da ita mai amfani da iskar gas, wanda hakan ke buƙatar kuɗin da ba ni da su. Wani ma ya ce in karɓi sabon rance in rufe tsoho, shawarar da ita ce ta kai ni inda nake.

Cinikin ya ɗauki mako uku. Dillalai uku suka gan ta, kowanne ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta yana neman inda aka taɓa yin fenti, na farko ya taya miliyan uku da dubu ɗari takwas yana rantsuwa cewa kasuwa ta mutu. A ƙarshe wani ɗan kasuwa daga Kakuri ya saya a kan miliyan huɗu da dubu ɗari uku, aka fitar da la'adar dillali, muka rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, kuma ban miƙa makulli da takardun asali ba sai da na shiga manhajar banki na ga kuɗin sun zauna, domin saƙon waya kaɗai ya sha jefa mutane cikin asara. Na kuma nace a yi canjin sunan mai mota, kada wata rana a yi ɓarna da ita a zo nemana.

Abokai masu ilimin lissafi sun ce in fara da banki tunda shi ne mai ruwa, kuma da kuɗin ba za su isa duka ba da sai na yi dogon tunani a kan wannan. Tunda sun isa, sai na fara da inda zuciyata ta fi nauyi. Daren ranar na hau keke zuwa Kinkinau, na tarar da Yaya a tabarma a ƙofar gida, na tura masa kuɗinsa muna zaune, na nuna masa a waya. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya tambaye ni ina motar. Da na gaya masa sai ransa ya ɓaci, ya ce, "Wa ya ce maka na matsu? Da ka yi shawara da ni da ban bari ba." Na ce na sani, shi ya sa ban yi shawarar da shi ba. Na so in ɗora masa wani abu a kai a matsayin kyauta saboda daɗewar da kuɗin suka yi, ya ƙi karɓa, ya ce in saya wa yara takalman makaranta.

Washegari na biya mai abincin kaji, ranar Litinin kuma na je banki na nemi a rubuta mini ragowar bashin da abin da za su caza na biya kafin wa'adi, na biya, na karɓi takardar shaidar cewa ba sa bina komai. Abin da ya rage bai kai miliyan ɗaya ba, na ajiye shi ban taɓa ba, ina tunanin ko babur ko kuma in bar shi saboda asibitin Hajiya. Yanzu ƙarfe shida da rabi nake fita maimakon bakwai, keke biyu nake hawa kafin in isa ofis, kuma ranar da aka yi ruwan farko na isa wurin aiki da wando a jiƙe har gwiwa. Ƙaramin ɗana har yanzu yakan leƙa inda motar take kwana ya tambayi yaushe bakanike zai dawo da ita, ni kuma ban riga na sami yadda zan yi masa bayani ba.