Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wurin Kine a Yamai

A makon jiya na tsaya inda hoton radiyo ya nuna guringuntsin gwiwata ta dama ya cinye, likita kuma ya tura ni daga Tawa zuwa Yamai wurin masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, waɗanda muke kira kine. Na sauka gidan ƙanena a Bukoki ina sa ran za a murza gwiwar, a ɗora mata na'ura, in koma Adar garau.

Yarinyar da ta karɓe ni ba ta taɓa ƙafar ba sai da ta tambaya: "Baba, me kuke so gwiwar nan ta yi muku?" Na ce, "'Yata, ta koma yadda take." Ta ce guringuntsin da ya cinye ba ya sake tsirowa, amma naman cinya da ke tallafar gwiwa yana ƙara ƙarfi ko da tsufa, kuma kilo guda da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo 4 a kowane taku. Muka daddale a kan buri ɗaya, wato in riƙa takawa zuwa masallaci ba tare da na tsaya hutawa ba.

Aikin kansa ba shi da armashi. Za ta naɗe tawul ta sa a ƙarƙashin gwiwar, in danna shi in ƙirga goma, sa'an nan in tashi daga kujera in zauna ba tare da dafawa ba, cinyar tana rawa. Ta gargaɗe ni cewa sauƙi ba ya bayyana sai an yi makonni 6 zuwa 12 ana yi har a gida.

A bencin jira na fahimci dalilin tambayarta. Wani Alhaji, tsohon direban babbar mota, ya zo neman waraka nan take, da bai gan ta ba ya ce kuɗinsa ake ci, ya koma ga allura. Wata Hajiya kuwa ta riga ta yanke cewa sanyin ƙashi ba ya jin magani, saboda haka duk ɗan zafin da motsi ya kawo sai ta ɗauke shi shaidar ƙashi na ƙara lalacewa, ta daina. Alhali hoton gwiwarta ya fi nawa kyau, domin hoto da raɗaɗi ba kullum suke tafiya tare ba. A ganina ita ta fi ban tausayi, tunda shi Alhaji aƙalla ya yarda akwai magani.

Kafin damina ta sauka na fara isa masallaci da ƙafata, ko da yake har yau a kan kujera nake sujada.