Sati uku ina farautar soliton a cikin kwamfuta

Wallahi sati uku cif na yi ina kokawa da lambobi biyu, beta2 da gamma, kafin hasken da nake turawa cikin faiba, wato siririn zaren gilashin da ake tura haske ta cikinsa, ya yarda ya tsaya da siffarsa. Kuma ba faibar gaske ba ce ma, ta cikin kwamfuta ce, layi wajen arba'in na yaren shirya manhaja Python da kayan lissafinsa numpy, amma sai da ta hana ni barci.

A baki abun da sauƙi. In ka tura ɗan gajeren dunƙulen haske cikin zaren gilashi, kalolin da ke cikinsa ba gudunsu ɗaya ba, sai ya riƙa bajewa yana kwanciya, wannan aikin beta2 ne, kuma a faibar sadarwa ta yau da kullum a nanomita 1550 yana wajen -21.7 ps²/km. Shi kuma gilashin in haske ya yi ƙarfi halinsa na ɗan canzawa, tsakiyar dunƙulen ba ta tafiya daidai da gefe-gefensa, shi ake ce ma tasirin Kerr, gamma ke auna shi, na sa 1.3 a kowane wat a kowace kilomita. To in beta2 na ƙasa da sifili sai biyun su shiga ja-in-ja, kuma akwai wani ƙarfi da in ka dace da shi ba mai kayar da wani, haske ya yi ta tafiya abinsa kamar ba a taɓa shi ba. Soliton kenan. Hasegawa da Tappert suka hango shi a lissafi a 1973, sai a 1980 Mollenauer da Stolen da Gordon suka gan shi ido da ido a faiba mai tsawon mita 700.

Hanyar da na bi ita ce wadda kowa ke bi, ka yanka tafiyar gutsi-gutsi, a kowane taku ka yi FFT, wato lissafin da ke rarraba dunƙulen zuwa kalolin da ke cikinsa, ka lissafa bajewa, ka dawo ka lissafa Kerr, ka sake, ka sake. Karon farko da na kunna sai dunƙulen ya baje. Na ce ƙarfi ne ya yi kaɗan, na ƙara, ya ƙara bajewa. Na ninka, sai kansa ya yi shafe kamar tebur. Kwana huɗu ina zargin numpy, ashe alamar ragi ɗaya ce na juya, na mayar da beta2 sama da sifili ban sani ba, a can kuwa Kerr taya bajewar yake yi maimakon ya hana ta. Da ma tun ranar farko ya kamata in gane, tunda duk ƙarin wuta lalacewa yake ƙarawa.

Na gyara wannan sai na faɗa wani ramin, kuma shi ya fi ba ni haushi don laifin karatu ne. Lissafin ƙarfin soliton shi ne girman beta2 a raba da gamma sau T0 sau T0, inda T0 shi ne ma'aunin faɗin dunƙulen a lokaci. Na sa T0 fikosakan 10 (fikosakan shi ne kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan), ya ba ni miliwat 167. Amma wajen rubuta siffar dunƙulen, wadda ake kira sech, sai na ɗauki goman a matsayin faɗin dunƙule a rabin tsayinsa, alhali wannan faɗin ya ninka T0 sau 1.763. Wato T0 ɗina na gaskiya 5.67 ne, yana buƙatar wajen miliwat 520, ni ina ba shi kashi ɗaya cikin uku ina jiran abin mamaki.

Daren da komai ya daidaita, kai, na tura shi kilomita 50 na ɗora hoton ƙarshe kan na farko, layi ɗaya nake gani. Na zauna ina kallo kamar wani gaula. Sai na tuna John Scott Russell da ya bi wani tudun ruwa a kan doki a bakin wata hanyar ruwa a Sikotlan a 1834, na ce yanzu na fahimci mutumin nan.

Daga nan wasa ya fara. Na ba shi ƙarfin da ya ɗan wuce ƙa'ida, sai ya yi ta motsi yana matsewa yana saki, ya zubar da ɗan abun da ya yi masa yawa gefe, ya nemo siffarsa da kansa. Wannan ya fi burge ni a kan tsayuwar ma. Na ninka miliwat 167 ɗin nan na T0 fikosakan 10 sau tara, wat ɗaya da rabi, sai ya tsuke ya rabu ya sake haɗewa, duk bayan kilomita 7.2 ya dawo yadda ya faro.

Amma inda na fi koyon abu shi ne wajen haske miƙaƙƙe, wanda ba dunƙule, wat ɗaya shafe daga farko har ƙarshe. Lissafi ya ce in beta2 na ƙasa da sifili irin wannan hasken ba ya zama lafiya, zai tsinke da kansa ya zama jerin dunƙulai. Na tura shi kilomita 10, shiru, ko gezau. Na kai ma malamina ina cewa ko dai lissafin da matsala, ya dubi lambobin ko minti ɗaya bai yi ba ya ce, "Kai, wace lesa ka taɓa gani ba ta da ƙura ko kaɗan?" Na ce babu, malam. Ya ce to sa mata.

Abun nan ashe ba ya ƙirƙirar komai daga babu, ɗan abin da ya tarar yake haɓakawa. Duk inda haske ya ɗan fi ƙarfi, Kerr da bajewa su haɗu su jawo ma wurin ƙarin haske daga maƙwabta, ya ƙara ƙarfi, ya ƙara jawowa. Hasken nawa ya yi tsabta fiye da na duniya shi ya sa ba abun kamawa. Ina zuba ɗan bazuwar lambobi ƙanana a kai sai ga kunnuwa biyu, wato sababbin kaloli, sun tsiro a hoton kalolin hasken a gefen mitar tsakiya, gigahaz 55 hagu da dama, daidai inda lissafi ya nuna, hasken kuma ya daddatse da tazarar fikosakan 18 ko kusa da haka. Benjamin da Feir sun ga irin wannan a igiyar ruwa mai zurfi tun 1967, a faiba kuma Tai da Hasegawa da Tomita a 1986. Da na cire ƙurar na sa lanƙwasa guda ɗaya mai tsari, sai ya tsinke, ya koma kusan shafe, ya sake tsinkewa, kamar mai numfashi.

Wani abu da ya kusa sa ni jin kunya, akwai ranar da na ga ƙarin kunnuwa can nesa har na fara murna na gano sabon abu. Na rage tsawon taku zuwa rabi sai suka matsa, na sake ragewa suka ɓace. Takun ne ya yi girma kawai. Yanzu ba na yarda da kowane hoto sai na raba taku biyu na ga bai motsa ba. Tagar lokacin ma, wato faɗin lokacin da lissafin ke kallo, a faɗaɗa ta, don FFT zagaye yake yi, abun da ya fita ta dama ta hagu zai shigo maka.

Daga baya na sa asarar gilashi, 0.2 dB a kilomita, a kilomita 15 rabin hasken ya tafi, soliton ɗin bai mutu ba amma faɗinsa ya doshi ninki biyu. Na je da ɗoki ina cewa mu gwada wat ɗayan nan a faibar gaske, malam ya yi dariya ya ce watsin Brillouin, wato karon haske da girgizar sauti a cikin gilashin, zai dawo min da yawancin hasken baya tun ina ƴan miliwat, shi ya sa su Tai suka yi amfani da gajerun dunƙulai. A lissafina kuwa ko hanyar komawa baya haske ba shi da ita, ita nake ta ƙoƙarin rubutawa tun jiya.