Na ga naushin yana zuwa

Talata, da dare.

Sau biyu ina ajiye wayar kafin in iya fara wannan rubutu, don har yanzu hannuna rawa yake. Yau sati uku cif da komawata atisaye, kuma yau ne Koci ya yarda na shiga fage. Tun da na dawo tsallen igiya ne, da buhu, da damben inuwa a gaban madubi, kullum in na roƙe shi sai ya ce ba yanzu ba. Yau ina ɗaure bandeji ya wuce ta gabana ya ce, "Ka zo da robar haƙori?" Na ce tana jaka. Ya ce to turmi biyu, a hankali, da Dogo.

Murnar da na yi ba ta faɗuwa. Shekara shida rabona da in tsallaka igiyar nan. Na saka hular kariya, aka ɗaure min safa mai oza 16, na taka dandamalin na ji yadda yake ɗan lotsawa a ƙarƙashin ƙafa, sai na ji kamar jiya na sauka.

Minti ɗaya na farko na ji daɗinsa ƙwarai. Na sauke hannun hagu zuwa ƙugu kamar yadda na saba, na hau kan yatsun ƙafa, ina zagaya shi, ina jefo jab, wato miƙaƙƙen naushin hannun gaba, daga ƙasa inda ba ya gani. Sau biyu na taɓa masa goshi. Na ji wani daga wajen buhu ya ce "kai!", na san da ni yake. Da ma abin da aka san ni da shi ke nan, ba ni da naushi mai kayar da mutum, amma samuna wuya ne.

A turmi na biyu ne abin ya faru, kuma shi ne ya hana ni sukuni har yanzu. Na ga kafaɗarsa ta dama ta ɗan nutse. Na san dama ce za ta zo, na san inda za ta sauka, na san abin da zan yi: rabin taku baya, in janye kai, ta wuce ta gaban hancina, in mayar masa da tawa kafin ya janye hannu. Na yi wannan sau dubu a rayuwata. Idona ya gani, zuciyata ta ba da umarni, ƙafar ce ba ta tafi ba. Ko in ce ta tafi, amma bayan naushin ya riga ya sauka a kuncina. Na ce kuskure ne. Ya sake, ya sake samuna a wuri ɗaya. Na uku a hanci, har idona ya kawo ruwa.

Da ban gani ba, da da sauƙi. Mutum ya sha naushin da bai gani ba, wannan dambe ne. Amma ka tsaya kana kallonsa tun daga kafaɗa har fuskarka, ka san maganinsa, jikinka ya ƙi ba ka haɗin kai, wannan wani abu ne daban, kuma yau na fara ɗanɗana shi.

Dogo ya ja da baya ya ce, "Yi haƙuri, Baba." Yaron kirki ne, da ladabi ya faɗa. Amma ta shige ni. Shekarata 37.

Koci bai jira ƙararrawa ba, ya ce ya isa. Ya zauna a bakin fage ya nuna min gefensa, ya bari sai da hakina ya lafa. Sannan ya ce, "Wa kake kwaikwayo?"

Na ce, "Ba kowa, Koci. Haka nake dambena, kun fi kowa sani."

Ya ce, "Haka kake dambenka da. Akwai wani yaro ɗan shekara 25 da na horar, shi kake kwaikwayo, kuma ba ka iya shi ba."

Na yi shiru. Ya ci gaba da cewa wanda ya sauke hannu, ƙafarsa ce garkuwarsa, ita da saurin janye kai, kuma su ne farkon abin da ke barin ɗan dambe. Ƙarfin naushi yana daɗewa tare da mutum, ido ma haka, har ƙaruwa yake da shekaru. Ya ce idona lafiyarsa ƙalau, ya ga ina ganin komai. "Amma ido ba ya tare naushi. Gwiwar nan taka da aka yi wa aiki ba za ta sake kai ka inda kake so a kan lokaci ba. Ko ka yi shekara kana gudun safe, numfashi za ka samu, wancan saurin ba zai dawo ba."

Na ce sati uku ne fa kawai, a ba ni wata uku a gani. Ya girgiza kai. Ya ce wata ukun zai ba ni, amma na koyon wani dambe. Hannu biyu sama, manne da kunci. Gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Haɓa a ƙirji. Diddige ya sauka ƙasa. Taku ƙanana, kuma gaba. In daina gudun naushi, in koyi karɓarsa a safa da damtse, in matsa in shige jikin mutum inda dogon hannu ba ya amfani, in yi aiki a ciki da kwiɓi. Ya ce naushin mutum irin Dogo a ƙarshen hannunsa yake da dafi, ni kuma duk ja da bayan da nake yi, kai kaina nake daidai wurin.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Irin wannan damben ne na raina tun ina yaro. Ina ganin masu yin sa a matsayin waɗanda ba su da dabara, sai haƙurin shan duka. Shi ya sa na kawo masa Muhammad Ali, don ya san a kan faifan Ali na tashi, ya san don shi na fara sauke hannu.

Ashe makami na miƙa masa. Ya ce, "Wane Ali? Na kafin 1967 ko na bayan 1970?" Ya tuna min cewa an ƙwace masa kambu a 1967 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya yi shekara uku da rabi bai hau fage ba, kuma da ya dawo ba ya iya rawar nan tasa turmi goma sha biyar a jere. A 1971 Joe Frazier ya kai shi ƙasa a turmin ƙarshe ya kuma ci wasan. A Kinshasa, 1974, jingina ya yi da igiya ya rufe fuska, ya bar George Foreman ya gajiyar da kansa, sannan ya gama da shi a turmi na 8. "Shi da ya fi kowa ƙafa ya yarda ta ragu, yana ɗan shekara 32. Kai wane ne?"

Ya ɗan yi shiru, ya ce amma ba hanyar Ali yake so in bi ba, don Ali ya sha duka da yawa a shekarunsa na ƙarshe, shi kuma ba ya so min haka. Ya ce in je in kalli Foreman ɗin kansa. Ya bar dambe a 1977, ya dawo a 1987 bayan shekara goma, da ƙiba, ana ta yi masa dariya. Wanda ya dawo ba shi ne mai wurgi da hannu kamar zai rushe gini ba. Ya koyi gicciye hannuwa a gaban fuska irin na tsohon zakaran dambe Archie Moore, yana takawa sannu, yana tura jab mai nauyi, ba ya ɓarnar ƙarfi. A 1994, yana da shekara 45, ana gaba da shi a maki, ya sa Michael Moorer a ƙasa da dama ɗaya a turmi na 10 ya karɓi kambun duniya.

Duk na san waɗannan. Na kalli wasannin ba sau ɗaya ba. Abin da ban taɓa yi ba shi ne in kalle su in sa kaina a ciki.

Na ce masa, "Koci, in na ɗaga hannu na tsaya, me ya rage nawa?" Da gaske na tambaya, har muryata ta ɗan karye, na ji kunya. Domin ni abin nan ba salo ba ne kawai da za a cire a sa wani. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gina shi. Lokacin da komai nawa ya tsaya, ba aiki, ba abin da zan nuna, ina da wannan: in na shiga fage mutane kan bar buhu su zo su kalli ƙafata. Duk shekara shidan nan da na yi a zaune, in na rufe ido na tuna dambe, wancan mutumin nake gani yana zagaya. Don in same shi na dawo.

Bai lallashe ni ba. Ya ce, "Idonka naka ne. Tashi." Ya sa aka gangaro da tsohuwar tayar mota tsakiyar fage, ya ce ni da Dogo kowa ya sa ƙafar gaba a ciki, wanda ya fitar ya yi tsallen kwaɗo goma. Ba naushi a kai, jiki kawai, rabin ƙarfi.

Ban taɓa jin ƙunci a fage irin na wannan minti ukun ba. Kafaɗa na gugar kafaɗa, ina jin numfashinsa a kunnena. Duk jikina ihu yake in fita. Sau huɗu ƙafata na ficewa da kanta, sau huɗu ina tsallen kwaɗo. Hannun hagu kuwa da na ɗan shagala sai ya zame ƙasa, Koci ya daka tsawa, "Hannu!" Kafaɗuna suka ɗau wuta, don ban taɓa riƙe hannu a sama tsawon haka ba.

Can wajen ƙarshe sai na sake ganin kafaɗar nan ta dama ta nutse. Wannan karon babu inda zan je. Na matse gwiwar hannu, naushin ya sauka a kanta, tim, ban ji komai ba. Kuma ga gefensa na dama a buɗe, ƙasan haƙarƙari, inda hanta take. Na murɗa ƙugu na sa gajeriyar hagu, tafiyarta ba ta kai kamu biyu ba. Na ji iska ta fita daga bakinsa, ya dafa kafaɗata. Ban sa ƙarfi ba, wallahi. Nauyin daga ƙasa ya taso, ta diddigen da ke dafe, ya bi ƙugu ya fita ta hannu. Shekara goma sha ɗaya ina kan yatsun ƙafa, ban taɓa jin naushina ya yi wannan nauyin ba.

Koci bai ce komai ba, ya dai juya ya tafi wajen yara. Na so ya ce wani abu, ko don in samu abin musu.

Ya kamata in fito da farin ciki. A hanya kuwa wani irin baƙin ciki ne ya sauko min, irin na wanda aka nuna wa gaskiya alhali bai shirya ba. Da tayar ba ta yi aiki ba, da na ce Koci ya tsufa, in ci gaba da abina har wata uku. Yanzu ba ni da wannan mafakar. Ina ta tambayar kaina ko tun da can ma ina da wannan hagun, na ƙi neman ta saboda ina son a kalle ni. Wasanni biyu da na sha kaye a baya, duka hannun masu matsowa ne da suka ƙure ni a kusurwa, na rasa abin yi da aka zo kusa. Koci ya faɗa min a lokacin. Na ce masa alƙalai ne.

Uwargida ta ga kuncin tun daga ƙofa. Ta kawo ƙanƙara a tsumma, ta ce, "Ka ce min motsa jiki kawai za ka yi." Na ce shi ne. Ta dube ni, ba ta ƙara ba.

Auta ta zura hannu biyu cikin safa ɗaya tana dukan filo.

Gwiwar ba ta kumbura ba, alhamdulillahi. Abin lura ne, ranakun da nake zagaye buhu a kan yatsu takan kwana tana zugi, yau shiru. Kafaɗu ne kawai da wuya, gobe tsamin jiki zai yi magana.

Dogo ya turo saƙo yana sake ba da haƙuri, wai hagun nan har yanzu yana jin ta. Na ce masa ni ne da godiya, kuma ranar Alhamis kada ya rage komai saboda ni.

Na kalli turmi na 9 da na 10 na Foreman da Moorer sau uku. A da damar ƙarshen kawai nake jira. Yau ƙafafunsa na kalla, yadda yake matsawa kaɗan kaɗan ba ya ɗaga su sosai, fuska a kumbure, ba gaggawa, har ya sa Moorer ya tsaya daidai gabansa. Akwai dabara a ciki, mai yawa ma. Ban ce ina son sa ba tukuna.

Kafin in kwanta na tsaya gaban madubin ɗaki na ɗaga hannu biyu zuwa kunci, na sauke haɓa, na dafe diddige. Mutumin da ke ciki baƙo ne a wurina. Na fara ƙirgawa a zuci don in ga tsawon da zan riƙe, ban kai ashirin ba na ga hagun ta fara zamewa ƙasa da kanta. Na mayar da ita, na sake ƙirga daga ɗaya.